Bindigar da Ba Ta Shuri

A cikin duk abubuwan da ɗan Adam ya ƙera da hannunsa, babu mai ladabi kamar ƙaramin harsashi mai gudu. Ba ya gajiya a hanya ya sunkuyar da kai irin na manyan harsasan zamanin da, ba ya ratsa abin da ya samu ya je ya raunata na bayansa. Inda ido ya sauka, nan yake sauka. Bindigarsa kuwa ba ta fi sandar kiwo nauyi ba, kuma ba ta shurin kafaɗa. Tsohuwa ma za ta iya harba ta, ta koma ta tarar shayinta bai huce ba. Duk al'ummar da ta mallaki irin wannan makami ta fita daga duhu.

Wannan ra'ayin Meneer Traugott Isaak ne, tsohon hedimasta, shugaban ƙungiyar makiyayan ƙauyen Rooiput. Ya faɗe shi a taro, ya faɗe shi a ƙofar coci, ya faɗe shi a wajen wata jana'iza inda addu'a kawai aka roƙe shi ya yi. Da abin ya ishi mutane, kowane gida ya ba da akuya guda aka sayar, aka je garin Keetmans aka sayo bindigar don maganin dilolin da ke cinye musu 'ya'yan awaki.

A takardar lasisi aka rubuta sunan Sagarias Kooper, mai bin sawu, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nemo wa baƙin maharba dabbobin da suka raunata suka bari. Akwatin ƙarfen da za a riƙa kulle ta kuwa aka kafa shi a gidan Meneer, don shi kaɗai ke da daɓen siminti. Makullan biyu ne, kuma duka a aljihun mai lasisi ya kamata su zauna. Meneer ya yi ta yi wa Sagarias bayani a kan muhimmancin wannan ƙa'ida, safe da yamma, har Sagarias ya miƙa masa ɗaya don ya samu ya huta.

*

Ran wata Alhamis awakin wata tsohuwa, Ouma Hendrina Boois, ba su dawo gida ba. Washegari da hantsi aka same su a bayan Jan Tudu sun yi da'ira, karenta Doring yana kwance a tsakiyarsu kamar mai barci. Diloli sun riga sun zo sun zaɓi 'ya'yan awakin da suka yi musu, sun bar kofato da kunnuwa.

Doring ba karen bin gida ba ne. Tun idonsa bai buɗe ba Ouma ta tura shi ƙarƙashin wata akuya mai haƙuri, ya sha nononta tare da 'ya'yanta, ya tashi bai san shi kare ba ne. Shi ke fita da garken, shi ke komo da shi. 'Ya'yan Ouma maza suna can bakin teku wajen aikin kifi, ba sa zuwa sai Kirsimeti, wata shekarar ma Kirsimetin ce kawai take zuwa.

Kafin Sagarias ya iso, rabin Rooiput sun riga sun taya shi bincike da ƙafafunsu. Ya tsaya yana kallon ƙasar da aka tattake.

"Ba jini, ba rauni," in ji Dawid Vries, mutumin da muryarsa ta fi garkensa girma. "Guba ce. Ko makaho ya gani."

"To tunda ka gani, Dawid, me ka kira ni in yi?"

"Mu dai ka tabbatar mana. Kowa ya san wanda karen nan ya ciza a wajen famfo."

Kowa kuwa ya sani. Fillemon Nekongo ne, mutumin arewa, makiyayin haya. Dawid ne ya ɗauko shi aiki, shi ya sa ya riga kowa ambaton sunansa, don kada a ce yana ɓoye nasa.

Meneer yana tsaye can gefe da hankici a hanci, bai matso kusa da gawar ba. Ya ce al'umma mai wayewa ba ta yanke hukunci a daji. Za a zauna ran Lahadi bayan an tashi daga coci, in an tabbatar guba ce, a miƙa mai laifi ga 'yan sanda, ko a nuna masa hanyar da ya biyo ya zo. Aka watse kowa yana jin an yi adalci, saura a sanar da Fillemon.

*

Sagarias ya sami Ouma zaune a kan kifaffen bokiti a ƙofar ɗakinta na kwano, lofe a baki, sanda a tsakanin gwiwoyi. Sandar nan mai kulki a kai ba ta rabuwa da ita. Ko a coci a kan cinyarta take, kuma ran da aka binne mijinta da hannu ɗaya ta zuba ƙasa.

"Jiya ina kike, Ouma?"

"Ina zan kasance, Saggie? Ranar kuɗin tsofaffi ce. Na je Keetmans na tsaya a layi har ƙafata ta manta da ni. Da za a dawo Meneer ya rage mini hanya, Allah ya saka masa, ko da yake ya fanshe man motarsa da surutu."

"Kin ga wani abu a hanya?"

Ta cire lofen ta leƙa cikinsa, kamar amsar tana ciki.

"Dila. Tsaye a kan tudu kamar mai gona, rana ma ba ta faɗi ba. Sun daina jin kunya."

"Wane tudu?"

"Wani tudu dai. Idona ba na da ba ne. Me ya haɗa wannan da Doring? Shi yamma da gari yake kai su kullum, wajen tsohon famfo." Ta mayar da lofen baki. "Da hannuna na ɗora bakinsa a kan nonon akuyar nan. Ka nemo mini mutumin, Saggie. Ba ruwana da 'yan sanda. So nake in kalli idonsa in tambaye shi me Doring ya ci masa."

*

Fillemon yana wajen komin ruwa yana shayar da tumakin Dawid. Da ganin Sagarias ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna tabon cizo, tun ba a tambaye shi ba.

"Ga shi, Oom, kalla ka huta. Yau kowa so yake ya gani."

"An ce kana da kwalbar magani."

"Ta kaska ce, kuma ta Dawid ce. Oom, in zan ba kare guba ai sai ya karɓi abinci daga hannuna. Karen nan ya taɓa karɓar wani abu a wajen mutum in ba Ouma ba? Ni dai ƙafata ya karɓa."

Sagarias bai yi dariya ba, amma ya ga maganar ta zauna.

"Me ya kai awakin bayan Jan Tudu? Ba nan suke kiwo ba."

"Famfon yamma ya tsaya tun farkon sati. Ba kai ne ka wuni a kansa jiya kana zagin sa ba? Karen ya ga ba ruwa ya juya da su gabas. Ya fi kwamitin ruwa hankali."

"Ka ji wani abu da yamma?"

"Wata ƙara, sau ɗaya, kamar an kaɗa bulala. Na ɗauka mai amalanken jaki ne." Ya ɗaga kafaɗa. "Na riga na ɗaure kayana, Oom. A garin nan naku in abu ya mutu, ni na kashe shi. Bara tsufa ya kashe bunsurun Antie Sanna, sai da aka kalle ni."

Sagarias ya san wannan ƙarar. Babu amalanken jakin da ke yin ta.

*

Ya koma bayan tudun shi kaɗai. Hankakan da suka fara da idanun Doring suna nan a kan dutse, lafiyarsu ƙalau, suna jiran ya tafi. Ƙudaje ma babu wanda ya faɗi. In guba ce, to guba ce mai zaɓen wanda za ta kashe.

Ya zaro wuƙa ya feɗe karen. A bayan kafaɗa, ƙarƙashin gashi, akwai wani ɗan rami da tsinken ashana zai shiga da ƙyar. A ciki kuwa huhun ya zama fate-fate, da ɓarɓashin jan ƙarfe kamar an watsa yashi. Ɗaya gefen fatar sumul yake. Harsashin ya cika alkawarinsa, bai wuce ya dami kowa ba.

Ya zauna a kan dutse ya goge wuƙar. Irin wannan bindiga biyu ce a duk faɗin yankin. Ɗaya tana gidan Liebenberg, mai gandun da ke bayan shingen waya. Ɗayar kuma sunan Sagarias Kooper ne a jikin takardarta. Ya ji a ransa yana roƙon Allah ya sa ta Liebenberg ce, don da shi ne da kowa ya ji daɗi, har da Liebenberg ɗin, wanda ya daɗe bai samu wanda zai yi faɗa da shi ba. Ya zaga duk duwatsun da maharbi zai iya laɓewa a kusa da wurin, bai sami sawun kowa ba.

*

Ya tarar da Liebenberg a baranda, ƙafarsa ɗaya cikin filasta an ɗora ta a kan kujera. Ragonsa ne ya tunkuye shi tun watan jiya.

"Kare?" in ji shi. "Sagarias, ko bayan gida sai an riƙe ni. Kuma da zan harbi wani abu na Rooiput, da shugabanku zan fara. Ya zo nan ya zauna inda kake, ya shanye mini kofi, ya koya mini yadda bindigata take aiki."

"Ya koya wa kowa."

"Abin haushin shi ne gaskiyarsa ce. A ina ka nemi sawun mai harbin?"

Sagarias ya faɗa masa. Liebenberg ya yi dariya har ƙafar ta motsa, ya yi tsaki don zafi.

"Kai har yanzu da tsohuwar bindigar soja kake tunani, wadda sai ka ji warin dabba kafin ka harba. Da wannan 'yar tsiyar ba a laɓewa. Ninka nisan, ka ƙara. Ka sa giciyen madubin a kan abu ka taɓa kunama, shi ke nan. Ba ta buƙatar maharbi, yatsa kawai take so."

Sagarias ya yi godiya a taƙaice. Bai ji daɗin a ce mai karyayyar ƙafa ne ya nuna masa inda zai taka ba.

*

Meneer ya buɗe akwatin ƙarfen da kansa, da irin natsuwar da fasto ke buɗe Littafi. Bindigar tana ta sheƙi, tana warin man keken ɗinki.

"Wa ya shafe ta haka?"

"Kula da kayan jama'a, Kooper, shi ne matakin farko na ci gaba."

"Meneer ya fita da ita ran Alhamis?"

"Tana bayan kujerar mota duk ran da zan yi doguwar tafiya, saboda tsaro. Wannan ba fita ba ce, rakiya ce."

"An harba ta?"

Meneer ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya dafa ƙirji.

"Na yi shekaru ina hukunta yara a kan ƙarya, ba zan fara ta da furfura ba. Ni, Traugott Isaak, yatsana bai taɓa kunamar bindigar nan ba ran Alhamis. Kawo Littafi in dafa." Ya rufe akwatin. "Kuma shawara ce nake ba ka a matsayin dattijo. Jama'a sun gamsu guba ce. Mutumin nan baƙo ne, yau yana nan, gobe yana wani gandun, ba abin da zai ragu a jikinsa. Kai kuwa sunanka ne a takarda. Ka yi tunani."

Sagarias ya sha jin ƙarya a bakin manyan mutane, ya san kalarta. Abin da ya dame shi a hanyar komawa gida shi ne, rantsuwar nan ba ta yi kama da ƙarya ba.

*

Da safiyar Asabar ya fara daga wajen da'irar da mutane suka tattake, ya samo sawun Doring. Gudu ne, yatsu a ware, daga ƙololuwar tudu zuwa cikin awaki, ba ɗigon jini ko ɗaya. A can sama ya ga inda karen ya tsaya cak, fuskarsa tana kallon hanya, yana gadi yadda ya saba. Ja ne mai baƙin baya. Daga nesa, da rana a bayansa, ko uwar dila za ta kira shi ɗanta.

Sagarias ya tsaya a wurin ya ɗaga kai. Hanyar Keetmans tana can hayin busasshen rafi, nisan da mutum ba ya gane ɗan'uwansa. Ya gangara, ya haye yashin, ya hau ɗaya gaɓar.

Sawun tayoyin a-kori-kura ya nuna sun sauka daga hanya sun tsaya. Daga ɓangaren direba takalmin birni ya fito, mai tsinin baki. Daga ɗaya ɓangaren ƙaramin takalmin fata, da sharar bakin doguwar riga a bayansa, da ɗigon sanda a gefe. Sun tako tare zuwa bakin gaɓa. A nan takalmin birnin ya koma baya, ya tsaya dab da dugadugan ƙaramin, kamar malami ya sunkuya yana riƙe wa ɗalibi fensir. Ƙwanson harsashi yana ƙarƙashin wata 'yar ƙaya a hannun dama.

Wannan duka bai ce komai ba tukuna. Mutum biyu sun tsaya, ɗaya ya yi harbi. Sai ya ga wani dogon layi a yashi, miƙaƙƙe, da ɗan zagaye a ƙarshensa. An kwantar da sanda a nan. Matar da ta binne mijinta da hannu ɗaya ta ajiye sandarta a ƙasa, don abin da aka miƙa mata yana buƙatar hannu biyu.

Ya duƙa ya dubi ƙananan sawun. Suna jere, ba su ja baya ko da faɗin yatsa ba. Bindigar ba ta yi shuri ba.

Sauran bai buƙaci sawu ba, yana jin muryar Meneer a kunnensa. Ga dila can, Ouma. Na sha faɗa cewa tsohuwa ma za ta iya, yau za a gani. Abin ya ɓace bayan tudu, Meneer ya ce an kuskure amma an yi ƙoƙari, kuma kada ta faɗa wa kowa saboda doka. Ita kuma ta koma gida tana jiran karenta daga yamma.

Sagarias ya jefa ƙwanson a aljihu. Sannan ya karyo reshe ya share wurin tas, ya bi da baya yana share nasa sawun, aikin da a da yake raina ɓarayin awaki in sun yi shi.

*

Ran Lahadi aka zauna a inuwar coci. Meneer a kan tebur da ƙararrawarsa ta makaranta, Ouma a bencin gaba da sandarta, Fillemon a can baya yana zaune a kan ƙunshin kayansa, don kada a sha wahalar jiran sa.

Sagarias ya shimfiɗa fatar karen a kan tebur, ya soka tsinken ashana a ɗan ramin, ya ajiye ƙwanson a gefe.

"Ba guba ba ce. Harsashi ne, kuma na bindigarmu. Fillemon ko kalar akwatin bai sani ba."

"Ai ni dama na ce a bincika," in ji Dawid. "Ban ce shi ne ba, cewa na yi kare ya cije shi."

"Ka faɗa, Baas Dawid, ubangidana," in ji Fillemon daga baya. "Na ji ka da kunnena, sau da yawa."

"Daga ina aka yi harbin?" wata ta tambaya.

"Daga bakin hanyar Keetmans, hayin rafi. Ran Alhamis, rana tana shirin faɗuwa. Karen yana tsaye a kan Jan Tudu."

Bai so ya kalli bencin gaba ba, amma ido ba ya neman izini. Lofen Ouma ya tsaya a rabin hanya. A hankali hannunta na hagu ya tashi ya dafa kafaɗarta ta dama, ya zauna a nan.

Makullan biyu ne, kuma ba wanda bai san haka ba. Kawuna suka juya wajen tebur. Sagarias ya dubi Meneer ya jira. Abin da ake buƙata kaɗan ne. Mutum ya ce ni na fito da ita, laifina ne, ya yi shiru a nan.

Meneer ya miƙe ya gyara kwat.

"'Yan'uwa, kafin mu shiga batun laifi, ina so mu lura da wani abu. Daga hanya zuwa kan tudun nan, harbi ɗaya, a bayan kafaɗa. Kuma harsashin bai ratsa ya taɓa akuya ko ɗaya ba. Waɗanda suka yi mini dariya lokacin da na kawo shawarar nan, ina fata suna ji." Ya yi tari. "Batun alhaki kuwa, doka ta san mutum ɗaya, wanda sunansa ke takarda. Amma idan taro yana son cikakken bayani a kan duk wanda hannunsa ya taɓa bindigar nan, ni ba na ƙarya, a shirye nake in ba da shi dalla-dalla."

Zai bayar kuwa, Sagarias ya san haka. Zai bayar da misalai, da yadda ta riƙe, da abin da ta ce, a gaban Dawid da Antie Sanna da duk yaran da za su girma suna nuna ta da baki. Ouma ta dogara sandarta a ƙasa, ta fara yunƙurin tashi.

"Ni ne," in ji Sagarias. "Na ɗauka dila ne."

Ouma ta tsaya a rabin tashi.

"Kai?" in ji Dawid. "Kai da kake ganin sawun ƙadangare a kan dutse?"

"Sawu a ƙasa yake, Dawid, kusa da ƙafa. Tudu yana da nisa, ido kuma ya tsufa. Zauna, Ouma, ƙafarki."

"Kuma ka bar mu muna zargin bawan Allah kwana da kwanaki?"

"Na bar ku. Ba ku nuna alamar gajiya ba."

Fillemon ya ɗago ya dube shi. Ya san inda Sagarias ya wuni ran Alhamis, a saman famfon yamma da sifana a hannu. Ya buɗe baki, ya dubi Meneer, ya dubi jama'a, ya tuna shi wane ne a garin, ya sunkuya yana kwance igiyar ƙunshinsa.

Ouma ta koma ta zauna. Dama ta ce tana son ta kalli idon mutumin ta yi masa tambaya ɗaya. Ga shi a gabanta, ba ta ɗago ba.

Taron ya yi aiki da sauri, kamar yadda taro yake yi in an samo masa mutum. Aka karɓi makullin Sagarias. Aka amince a nemi mayar da lasisin ga wanda ya fi kowa fahimtar makamin, Meneer ya karɓa bayan ya nuna rashin so na ɗan lokaci. Awakin Ouma kuwa, tunda Sagarias ya kashe makiyayinsu, shi zai bi su kullum har a samo ɗan kwikwiyo, akuya ta shayar da shi, ya girma ya karɓi aiki. Wani ya ce wannan ai sai baɗi war haka. Meneer ya ce gyaran kuskure ba ya son gaggawa. Kafin ya kaɗa ƙararrawa ya nemi a lura cewa babu wanda ya sami harsashin da wani laifi, aka lura.

*

Sanyi ya shigo. Ɗan kwikwiyon yana gida a ƙarƙashin akuya, idonsa bai daɗe da buɗewa ba. Yara sun laƙaba wa Sagarias sunan Oom Doring, wato Kawu Doring, in ya wuce da garke su yi masa haushi daga bayan shinge. Liebenberg ya daina aiko masa in dabbarsa ta ɓace.

Wata rana da azahar yana zaune a kan Jan Tudu, ya hango Ouma tana hawowa, sanda a hannu ɗaya, gwangwanin shayi a ɗayan. Ta daɗe kafin ta iso. Bai sauka ya tarye ta ba, ya san ba za ta so ba. Ta miƙa masa gwangwanin, ta zauna a kan dutse tana mayar da numfashi. Shayin da madarar akuya ne, ta cika masa sukari.

Daga wajen gari aka ji ƙara kamar an kaɗa bulala. Meneer ne yake koya wa matan coci harbin gwangwani.

Ouma tana kallon hanyar da ke hayin rafi.

"Ba ta yi shuri ba, Saggie," in ji ta. "Ko kaɗan. Har dariya na yi."

"Na gani."

"Ya ce na kuskure."

"Ba ki kuskure ba, Ouma."

Ta gyaɗa kai. Ta ciro lofen, ba ta kunna ba, ta riƙe shi a cinya.

Sagarias ya shanye shayin ya kife gwangwanin a gefenta. Awakin sun fara gangarawa wajen kwazazzabon da diloli ke kwana. Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya bi bayansu yana kira, su kuwa ko waiwaye ba su yi ba, don har yanzu ba su yarda shi ɗan'uwansu ba ne.